Tumatirin Inna a Ɗakin Leda

Kwalin ya iso Tasawa a saman motar Yamai, lokacin da sanyi ya tafi amma zafi bai gama kankama ba. Babbar 'yata ce ta aiko shi. Can birni take aiki, kuma tun da na ajiye alli na bar koyarwa take ganin zaman gida zai illata ni. Ta kira ni a waya ta ce, "Baba, na aiko maka abin garka. Ɗan ɗaki ne na renon shuka, haɗawa kawai ake yi. Kaji da ƙadangaru sun daina cinye maka iri." Na sa mata albarka sosai, ban kuwa fahimci ko rabin abin da ta faɗa ba.

Mai amalanke ya sauke mini shi a ƙofar gida. Dogon kwali ne marar nauyi, har na fara zargin an zare rabin kayan a hanya. A jikinsa an zana wani ɗan ɗaki na leda, da wata Baturiya a bakin ƙofarsa riƙe da butar ban ruwa tana murmushi. A sama kuma, da manyan baƙaƙe, kalma ɗaya ce ta Faransanci: SERRE.

To ni duk garin nan Mushe ake kirana, sunan da ake ba malamin lakwal, wato makarantar boko, kuma ban taɓa yarda akwai kalmar Faransancin da za ta sha mini kai ba. Shekara da shekaru ina tsaye a filin makaranta da safe ina daka wa yara tsawa su matse layi, kuma da 'yar'uwar wannan kalma nake yi, serrez. Ma'anarta a matse, a tamke, a ɗaure tam. Da na ga sunan a jikin kwali sai na ce a raina, Turawa sun hutar da mu, sunan abin ma ya faɗi yadda ake yi da shi.

Matata ta leƙo daga madafa ta tambaye ni abin da aka rubuta.

"Ser," na ce mata. "Wato a matse."

"A matse mi?"

"Komi da komi."

Ta dube ni, ta dubi kwalin, ta koma ga tukunyarta.

A makon nan ne na hau moto, wato babur, na tafi ƙauyenmu, can gefen Kanan Bakashe a ƙasar Mayahi, don in gaida Yaya. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, kuma mu biyu kaɗai muka rage cikin 'ya'yan Inna. Bayan mun gaisa na sha fura, sai bakina ya ƙi zama, na shiga ba ta labarin ɗakin shukar da aka aiko mini daga birni. Ta saurara har na gama. Daga nan ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan ƙulli.

Irin tumatirin Inna ne. Ƙananan tumatir ne masu kaurin fata da tsami, waɗanda ba su kai ƙwan zabo girma ba, amma suna jure damina lokacin da na kasuwa ke ruɓewa a jikin uwarsu. Inna ta zo da irin ne daga gidan iyayenta, ta yi ta shuka shi a bayan ɗakinta har ta koma ga Allah, Yaya ta ɗora daga nan. A daminar da ta gabata awaki suka fasa mata danga suka yi kaca-kaca da shukar, 'yan ƙwayoyi kaɗan ta tsira da su. Abin da ke cikin ƙullin bai cika cokalin shayi ba.

"Auta," in ji ta, "wanga shi kaɗai ya rage. Na bi gida-gida, duk sun koma ga irin takarda na kanti, babu wadda ta aje. Ni kuma guiwoyina sun ƙi, ba ni iya jan guga. Ka riƙe shi. Amma kada ka zuba shi duka lokaci guda."

Na karɓa da hannu biyu na cika baki. "Yaya, ki kwantar da hankalinki. Ɗaki gare ni na Turawa, ko ƙuda ba ya shiga."

"Ɗaki? Halan aure za ka yi ma tumatirin?"

Muka yi dariya, na sa ƙullin a aljihun gaba na dawo Tasawa da ƙarfin gwiwata.

Washegari na kira maƙwabcina mai gyaran moto ya taya ni haɗawa. Muka zazzage kwalin a tsakar gida. Bututun ƙarfe ne sirara kamar karan dawa, da mahaɗai na roba da ake cusa su a ciki, da ƙusoshi masu murɗi, da babbar leda mai ƙofa ta zif. Akwai kuma turaku huɗu da igiyoyi huɗu, turakun nan ba su fi tsinken tsire kauri ba. Maƙwabcin ya ɗauki bututu ɗaya ya lanƙwasa shi da yatsu biyu, ya ce, "Mushe, wanga ƙarhe ko shanya ba shi ɗauka."

Takardar bayani kuwa ita ta fara ɗaure mini kai. Faransancin cikinta kamar wanda bai taɓa jin ana magana da harshen ba ne ya rubuta shi. Hotuna sun fi rubutu yawa, kuma akwai wani da muka daɗe muna gardama a kansa. Wani mutum ne da tsintsiya yana share wani farin abu daga rufin ɗakin. Maƙwabcina ya ce auduga ce. Matata ta ce kashin tattabaru ne. Ni na ce wataƙila ƙanƙarar ƙasarsu ce, amma ban tsaya na tambayi kaina abin da ya haɗa ɗakin da ake share wa ƙanƙara da tsakar gidana ba. Abu ɗaya na karanta sarai babu shakka, an ce a kafa shi inda rana ke bugu tun fitowarta har faɗuwarta.

Matata ta ce a kafa shi ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke kusurwar gida. Na ɗaga mata takardar na ce ba haka aka rubuta ba.

Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne, maƙwabcin ma ya san kalmar. A garejinsu kullum da ita suke aiki, in an sa ƙusa sai a ce a sere ta, wato a tamke ta. Da na nuna masa sunan a jikin kwali sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ai ka ji. Sere shi za mu yi." Malamin lakwal da makanike sun yi ittifaƙi, wa ya isa ya ja da mu? Muka murɗe kowace ƙusa har tana ƙara. Muka ja ledar muka miƙe ta kamar fatar ganga. Gefen da ya taɓa ƙasa na bi shi na binne da rairayi, wata 'yar taga da ke baya kuma na ɗinke ta da zare don ina ganin kuskure ne aka yi a masana'anta.

Na raba irin Inna biyu. Rabi na mayar cikin ƙulli, rabi na zuba a gwangwanaye da fasassun tukwane cike da ƙasa mai taki. Kwanakin farko ban san ina yi wa shukar rai ba, domin don zumuɗi ƙofar ba ta rufuwa. In shiga, in fita, in ja kujera in zauna a bakinta, in kira duk wanda ya yi sallama ya zo ya gani. A kwana na shida wasu suka fito, ba duka ba, sirara masu kunnuwa biyu. Na yi murna irin wadda na daɗe ban yi ba.

Abu ɗaya dai ya riƙa damuna. Duk lokacin da na ja zif na tsaya a ciki, numfashi sai ya yi mini nauyi, ledar ta yi ta zufa tana ɗiga a wuyana. Wata rana na fito rigata ta manne a bayana, matata tana tankaɗe ta ce, "Mushe, kai da ka shiga yanzu ka hito kamar an tsamo ka rijiya, su da ke wuni ciki hwa?"

Na ce mata shuka daban, mutum daban. A raina kuwa ban tabbata ba.

Sai ɗaurin aure ya kama a Mayahi, na ɗan wani abokin aikina na dā. Kafin in fita da sassafe na ba shukar ruwa, na ja zif har ƙasa, na ƙara rairayi a bakin ƙofa saboda ƙadangaru. Na ja wa matata kunne cewa ko wa ya zo kada a buɗe. Ranar nan kuwa rana ta yi irin wadda take sa jakuna su ƙi tafiya. Ban dawo ba sai bayan la'asar.

Da na buɗe ƙofar wani tururi ya dake ni a fuska, mai warin dafaffen ganye. Tsiran duk sun kwanta a kan ƙasa, sun yi laushi kamar zogalen da aka tafasa. Na taɓa gwangwani ɗaya ya ƙone ni. Na tsaya ina kallo na rasa abin da ya faru, domin babu abin da ban bi ba. Rana an ce, na ba su rana. Matsewa an ce, na matse. Raina ya ɓaci matuƙa, na kwashi gwangwanayen nan ɗaya bayan ɗaya na juye ƙasarsu a bayan madafa, ina faɗa da kowa ba tare da na san wanda ya yi mini laifi ba. Matata ta ajiye mini ruwan wanka.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko, na kakkaɓe tsohon ƙamus ɗina na nemi kalmar. Na same ta, kuma maimakon ta warware mini sai ta ƙara dagula ni. Ƙamus bai ƙaryata ni ba, dangin kalmar matsewa ce. Amma ya ce wuri ne rufaffe da ake tsare shuka a ciki don kada sanyi ya kashe ta. Na maimaita layin sau uku. Sanyi? A Tasawa, ana shirin shiga bazara? Ashe ɗakin nan an yi shi ne don ya tara zafi, ni kuma na kawo shi garin da zafi ya yi mana yawa har muna neman inda za mu kai shi.

Na kira 'yata na tambaye ta ko ta san da haka. Ta ce ita dai a waya ta ga wata mata a wata ƙasa tana ciro tumatir a cikin irinsa, ta ce wannan ya dace da Baba. Ta tambaye ni ko wani abu ya faru. Na ce babu komai, yana aiki da kyau. Yaya kuwa ban aika mata da ko gaisuwa ba a kwanakin nan, don kunya.

Daga nan na shiga gyare-gyare, kuma kowane gyara sai ya haifi nasa ciwon kan. Na warware ɗinkin taga, na bar ƙofa a buɗe, kaji suka shiga suka yi wanka a ƙasar da na tanada. Na rataya tsohon gidan sauro a ƙofar, kaji suka haƙura, ƙadangaru suka bi ta ƙasa. Na sayo zana na shimfiɗa a kan rufin don inuwa, nauyinta ya sa bututun tsakiya ya yi ciki, sai da na tokare shi da taɓarya. Ledar ta fara tsagewa a duk inda ta kwanta a kan ƙarfe mai zafi, na bi ƙarafan na naɗe su da tsumma, na liƙe tsagun da guntun leda da robar cikin taya. Zif ya cika da rairayi ya ƙi tafiya, na goga masa sabulu. Wani lokaci sai in ja baya in dubi abin, in rasa ko ɗakin Turawa ne ko rumfar mai tsire.

Da bazara ta yi nisa, gajimare ya fara leƙowa, na ga in ban yi reno yanzu ba damina za ta same ni hannu banza. Na kwance ƙullin. Abin da ya rage ya yi mini kaɗan a tafin hannu, na ce in na sake raba shi me zai fito? Maganar Yaya tana kunnena, amma na zuba shi duka. Wannan karon, a ƙarƙashin inuwar zana, iska tana ɗan ratsawa, suka fito lafiya lau. Suka yi ganye huɗu, suka yi shida, suka kai tsawon yatsa. In na shafa su sai ƙamshin ganyen ya kama hannuna. Na ce to, na gane kan abin.

Saura iska. Kowa a ƙasar nan ya san iskar da ke gaban ruwan farko, wadda ke kwashe rufin kwano ta kai shi wata unguwa. Turakun nan na kwali kuwa ko akuya ta ja su sai su fito, don ƙasarmu rairayi ce zalla. Na sake kiran maƙwabcina. Muka sa kowace ƙafar ɗakin a cikin babban gwangwani, muka cika da siminti muka binne. Muka cire igiyoyin muka sa waya, muka ja ta ta kowace kusurwa har tana kuka in an taɓa. Muka sake bin ƙusoshi muka murɗe. Ya girgiza ɗakin da hannu biyu bai motsa ba, ya ce, "Yanzu kam ya seru, Mushe. Ko aljani ba shi ɗaga shi."

Hadarin ya taso wata rana da la'asar. Gabas ta yi baƙi ƙirin, tsuntsaye suka yi tsit, mata suka shiga kwashe shanya. Sai a lokacin na lura ƙofar ɗakin gabas take kallo, don ta nan kujerata take. Na ruga na kama zif, sai kuma na tsaya. In na rufe, na ga abin da rufewa ta yi mini. In na bari a buɗe, iska za ta shiga. Na ja shi rabi na mayar, na sake ja na sake mayarwa, ina tsaye kamar wanda ya manta sunansa. Ina cikin haka iskar ta iso.

Ta yaga gidan sauron ta shige ciki, ledar ta kumbura ta cika tam. 'Yar tagar baya ba ta isa ta fitar da ko kaɗan daga abin da ya shiga ba. Na rungume ƙarfe ɗaya, matata ta fito a guje ta kama wani, zanen kanta ya tafi.

"Ka yanke ledar ta baya!" take ihu. "Ka yanke iska shi wuce!"

"Ɗiyata ta aiko shi!"

"To riƙe!"

Ƙafafun ba su motsa ba, simintinmu ya yi aikinsa. Waya ma ba ta tsinke ba. Da iskar ta rasa abin da zai ba ta hanya sai ta karya ƙarafan daga tsakiya. Na ji ƙas, ƙas, rufin da zana da taɓarya suka rufto a kan gwangwanayen gaba ɗaya. Sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, muna tsaye a cikinsa kowa riƙe da guntun bututu.

Da aka ɗauke ruwan na ɗaga zanar. Yawancin tsiran sun karye daga gindi. Na tsinci goma sha ɗaya da nake ganin suna da sauran rai, na tokare su da tsinken tsintsiya, na kai su inuwar dogon yaro. Cikin kwana uku suka bi 'yan'uwansu.

Ranar kasuwa sai ga Yaya. Ta shigo gari ne a duba mata gwiwa a asibiti, ta biyo ta ga ɗakin da aka cika mata baki da shi. Ta same shi a kwance. Ta zagaya shi da sandarta, ta zungure gwangwanin siminti, ta taɓa wayar. Sannan ta zauna a kan turmi ta tambaye ni sauran irin.

"Na zuba, Yaya."

"Duka?"

"Duka."

Na so ta zage ni. Da ta yi mini irin faɗan da take yi mini ina yaro, da na sami sauƙi. Ƙasa kawai ta kalla, ta ce, "Allah ya jiƙan Inna." Ban taɓa jin na ƙasƙanta kamar ranar ba.

Bayan ta sha ruwa ta ce in tafi kasuwa in sayo dirka huɗu, wato itace mai baki biyu da ake kafa rumfa da shi, da igiyar kaba. Na ce me za a sa a ciki, tunda babu sauran iri? Ta ce, "Ɗiyarka ta aiko shi. Kada ta zo ta iske shi kwance."

Tana zaune a kan turmi ta sa ni da maƙwabcina aiki. Muka haƙa rami har gwiwar hannu muka kafa dirkokin. Ƙarafan da suka tsira muka gicciya su a sama. Duk lokacin da maƙwabcin ya ja igiya zai tamke, sai ta buga sanda a ƙasa. "Sassauta! Bar mishi wurin motsi. Ku wa ya ce muku abin da anka ɗaure tam shi ka tsayawa?" Ledar ta ce a sa a rufi kaɗai don ta karya ƙarfin ruwa, zana a bisanta. Gefuna kuma gidan sauro, gaba da baya duka a bar wa iska hanya. Maƙwabcin ya raɗa mini cewa wannan ai bai seru ba. Na ce ya yi shiru ya yi abin da aka ce.

Ɗakin ya tsaya, yana ɗan rangaji in iska ta taso, babu komai a cikinsa. Hadari biyu suka wuce ta cikinsa bai faɗi ba. Ni dai na daina zuwa wajen.

Bayan ruwa na uku matata ta kira ni bayan madafa. A kan tulin ƙasar da na juye ranar da na dawo daga Mayahi, tumatir bakwai ne suka fito, gajeru masu ƙarfi. Na tuna a zubin farko ba duka suka tsiro ba, wataƙila waɗanda suka ƙi fitowa ne suka kwanta suna jiran ruwan sama. Na durƙusa ina hamdala.

"Tsaya tukuna, Mushe," in ji matata. "Nan hwa nike zubda ruwan wankin kauɗa kullum."

Kauɗa busasshen tumatirin kasuwa ne, kuma cike yake da 'ya'ya. Na dube ta, na dubi shukar. Na tambaye ta daidai ina take zubawa, ta nuna mini da hannu, daidai wurin ne. Na tambaye ta ko a baya tumatir ya taɓa fitowa a nan. Ta ce wata shekara yakan fito, kaji su cinye.

Na cire su da ƙasarsu na mayar cikin ɗakin Yaya, haka na koma kiransa. Na yi ta duban ganyen ina neman alama, ganyen tumatir kuwa duk ɗaya ne a idona. Suka yi fure, suka ɗaura 'ya'ya. 'Ya'yan ƙanana ne, na ji daɗi. Maƙwabcina ya leƙo ya ce ai na kasuwa ma in ya fito da kansa a damina haka yake ƙanƙancewa. Fatar da kauri, amma ban san ko ta kai kaurin da ake nufi ba. Ba su ruɓe ba, amma kuma ruwa ba ya dukansu saboda ledar. Duk hujjar da na kamo sai ta zame.

Na ce Yaya ce za ta raba gardama. Da suka nuna na cika ƙaramar ƙwarya na ɗaure a bayan moto na nufi ƙauye. Na same ta a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Na ajiye ƙwaryar a gabanta, na faɗa mata gaskiyar inda suka fito, har da maganar kauɗa, ban rage komai ba. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi a hannu, ta kai kusa da ido, ta sunsuna. Ta gatsa ta daɗe tana taunawa.

"Auta," ta ce, "tun zazzaɓin da na yi bara waccan, bakina bai jin komi. Gishiri da sukari duk ɗaya gare ni. Idon ma ga shi nan." Ta turo mini ƙwaryar. "Kai ne ka satar shi ɗanye bayan ɗaki, Inna tana bin ka da muciya. Kai za ka hwaɗa mini."

Na ɗauki ɗaya na kai baki. Tsami ya kama mini harshe, ruwan ya gangaro a gemuna. Na tauna a hankali ina jiran wani abu ya faɗo mini. Bayan ɗakin Inna na tuna shi sarai, da dangar, da muryarta. Ɗanɗanon ne ban samu ba. Rabona da cin sa ɗanye tun kafin a kai ni lakwal a birni, a miya kuwa daddawa da barkono sun rufe komai. Na ci na biyu. Tumatir ne mai tsami, iyakar abin da bakina ya iya faɗa mini ke nan.

Yaya tana kallon bakina, hannunta a kan gwiwa.

"Shi ne?"

"Shi ne, Yaya."

Ta ɗaga hannu sama ta yi godiya ga Allah, hawaye na bin fuskarta. Nan take ta ƙwala wa maƙwabtanta kira ta saman danga, ta ce su zo irin Inna ya dawo. Mata suka shigo, ta riƙa ba kowace biyu ko uku tana ja musu kunne su matse 'ya'yan su shanya, kada a sake yin sakaci. Ina zaune a gefe suna yi mini sannu da ƙoƙari.

Yaya ta rasu a damina ta biyu bayan nan, tana ganin autanta ya riƙe amana. Yanzu gidaje da dama a ƙauyen suna shuka shi, ɗan Inna suke ce masa. Ni ma ina renonsa kowace bazara a ɗakin nan, na sake masa leda sau biyu. Duk shekara in na farko ya nuna sai in cire shi in ci ɗanye a tsaye, ni kaɗai, kuma har yau ban sani ba.